Metir Bukari ya rasu, ni kuma na zo karɓar kuskurena

Labarin ya iske ni yau da safe, ina tsaye a ƙofar gidana a unguwar Kpébié ta Parakou da butar ban ruwa a hannu. Ramatu ce ta kira daga Djougou. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Yaya Larai, Baba ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Metir Bukari ya rasu. Malamina na lissafi a lise, wato sakandare, ta Parakou, a shekarun juyin juya hali da ake kiran kowa kamarad, har da wanda ya kore ka daga aiki. Ramatu, 'yarsa ta ƙarshe, ta ce da za a yi masa wanka an sami guntun alli a aljihun rigarsa. Ya fi shekara talatin da barin aji.

Ni ba gwanar kuka ba ce. Na yi wanda ya samu, na wanke fuska, na nemi motar Djougou. Muna hanya, ba mu yi nisa ba, ƙawata ta turo mini abin da Farfesa ya rubuta a shafinsa.

"Ubana. Malamina. Fitilata." Da Faransanci mai kyau, don wannan kam ya iya. Ya haɗa da hoton su biyu, shi a tsakiya da jar rigar jami'a, Metir a gefe an yanke masa rabin kafaɗa.

Ba zan faɗi sunan Farfesa ba. Shi ma ya rubuta littafi guda bai faɗi sunan Metir ba. Mun yi kunnen doki. Wanda ya sani ya sani, kuma a Parakou wanda bai sani ba sai baƙo.

Ban gama karantawa ba Ramatu ta sake kira. Wai Farfesa ya bugo wa Inna, matar marigayin, ya yi ta'aziyya, ya ce zai turo mota yau ɗin nan a ɗauko akwatin littattafan Baba, don a adana su kada gara ta ci. A lokacin ko likkafani ba a gama ɗinkawa ba.

Na ce mata, "Ki zauna a kan akwatin nan har in iso."

Ta ce, "Yaya, zama na gaske?"

Na ce zama na gaske.

To, yanzu na karɓe ta. A kansa nake zaune, a ɗakin Inna, ina rubuta muku wannan. Ƙarfe ne, kore, yana da tauri, amma na zauna a bencin lise shekara bakwai, ba abin da zai yi mini.

Bari in fara da mutumin, kafin in zo ga ɗayan.

Metir ɗan fataken goro ne. Kakanninsa ayari ya kawo su Djougou, suka sauke kaya suka zauna. Shi kaɗai a gidansu aka kai lakwal, makarantar boko, ya ce don shi ne ba ya iya ɗaukar huhun goro a ka. Amma goron bai bar shi ba. Da shi yake koyarwa.

Ranar farko a ajinsa ya tambaye mu, "Yau Talata. Nan da kwana ɗari wace rana ce?" Muka duƙa muna ƙirga da yatsu. Ya ce, "Ku zubar da bakwai-bakwai, ku riƙe saura. Saura biyu. Alhamis. Duniya duk haka take, mai wayo saura yake dubawa." Daga nan na fara son sa, ni da na shigo da niyyar yin barci.

Lambobin da ba sa rabuwa da kowa sai da kansu da ɗaya, irin su biyar, bakwai, sha ɗaya, yana kiran su masu taurin kai. Yana cewa danginsa ne.

Wata rana ya zube goro goma a tebur. "Hanya nawa za ki zaɓi biyar daga cikin nan, 'yar Sarkin Fawa?" Haka yake kira na, don babana nama yake sayarwa a kasuwar Guéma, ko da yake ba a taɓa naɗa shi sarkin komai ba. Muka lissafa: 252. Ya ce a cire biyu. 250. Ya ce a raba da biyar sau biyar sau biyar, wato 125. Ya rabu tas, ba saura.

Ya ƙaro goro huɗu, suka zama sha huɗu. Hanya nawa za a zaɓi bakwai? 3432. A cire biyu, 3430. A raba da bakwai sau bakwai sau bakwai, wato 343. Goma cif.

Ku riƙe wannan lamba, 3432. Za mu dawo kanta.

Metir kuwa ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare ya jefa a baki, ya ce, "In lamba ta rabu da bakwai sau ɗaya, gaisuwa ce. Sau biyu, zumunci ne. Sau uku kuwa, wannan uwa ɗaya uba ɗaya."

Wannan ba shi ya gano ba, tun da daɗewa masana sun sani, kuma bai taɓa cewa nasa ne ba. Nasa aikin yana gaba da nan. Shekara shida yana bin wannan sawu cikin wasu tsofaffin jerin lambobi da dangoginsu na aljabara da ake kira polinom, yana nuna cewa su ma, in aka raba su da mai taurin kai sau uku, saura iri ɗaya suke bari. Ba laburare, ba na'ura, ba abokin shawara. Teburin cin abinci a gidan haya a unguwar Ladjifarani, da bik, wato biro, da bayan tsofaffin takardun jarrabawa.

Yana da wata al'ada da duk wanda ya zauna a ajinsa zai tuna. Ba ya ba ka kaye ɗinsa, wato littafin da yake rubuta aikinsa, sai ya binne kuskure ɗaya a ciki da gangan. Sunan kuskuren sankara. Ya ce a gidansu ba a yarda yaro ya iya goro sai an ba shi huhu an ce akwai mai sankara ɗaya a ciki, ya tsince ya fito da shi, don goro ɗaya mai tsutsa shi ke cinye kaya. Duk wanda ya karɓi kaye ya dawo bai kawo sankara ba, Metir ba ya faɗa. Sai ya ce, "Ashe yawo ka kai shi."

Farfesa a lokacin ba Farfesa ba ne. Tsohon ɗalibinsa ne, ya riga ni da aji shida, ɗan unguwarsu Metir a nan Djougou, wanda ya fi kowa kai. Wannan ba zan hana shi ba, ba ni da halin sata ko ta yabo. Ya sami bursu, wato tallafin karatu, zai tafi Faransa. Metir ya yi murna kamar shi za a sa a jirgi. Ya ce ga dama ta samu, zai ba shi aikin nan ya kai wa manyan can su duba.

Sai dai rubutun Metir, Allah ya jiƙansa, kamar kaji sun yi dambe a kan takarda. Don haka ya ce ni in kwafe. Ina da shekara sha shida, rubutuna yana da kyau, abin da nake da shi ke nan. Ya sa mini takardar karbon a tsakani, ta sama ta tafi Faransa, ta ƙasa ta zauna a gida. Asabar huɗu ina zuwa Ladjifarani da hantsi, Inna tana ba ni fura, tana cewa, "Sha, 'yar nan, wannan mutumin in ya fara lambobinsa mantawa yake mutane suna da ciki."

Ko a wannan bai fasa halinsa ba. Ya binne sankara a shafi na tara. Na ce, "Metir, har Turawan?" Ya ce, "Su ba a haife su da ido ba?"

A cikin kwafar nan ne ya lura ina manna hanci a takarda. Ranar da muka gama ya ɗauke ni a bayan mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin nan, ya biya ta wurin babana ya nemi izini, ya kai ni aka auna mini ido. Gilashina na farko shi ya saya. Da na sa, na ga ashe bishiyar mangwaro ganye ɗai-ɗai gare ta. Ya ce, "To, yanzu ba ki da uzuri."

Bai san ya makara da sati guda ba. Ni ma ban sani ba.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo daga Faransa. Ya karanta mini ita da kansa, don ya ce ni ma na sha wahalar aikin. Ɗalibin nasa ya ce ya gano sankarar, tana shafi na tara. Metir ya yi dariya har da buga ƙafa, "Na gaya miki yaron nan yana da kai!" Sannan ya karanta sauran. Wai manyan can sun duba, sun ce aikin ba sabo ba ne, an riga an yi, kada ya ƙara ɓata lokacinsa.

Ya ninke wasiƙar gida huɗu. Ya ce, "To, aƙalla ban yi ƙarya ba, tunda wasu ma sun gani." Ya shiga aji ya koyar da 'yan aji uku yadda ake raba kashi.

Shekara ta bi shekara. Na tafi jami'a a kudu. Wata rana ina neman wani littafi a laburare, hannuna ya faɗa kan kundin digirin dokta na ɗan garinmu. Na ɗauka da alfahari, wallahi. Na buɗe shafin godiya. Ya gode wa iyayensa. Ya gode wa malaminsa na can. Ya gode wa juyin juya hali. Ya gode wa matar da ta buga masa a keken rubutu, da matar da ta ba shi hayar ɗaki.

Na juya shafi, sai na ji ina karanta abin da na haddace. Na san inda kowace jimla za ta ƙare kafin in kai. Asabar huɗu ba wasa ba ce.

Sankarar shafi na tara babu ita, ya gyara. Amma a teburin misalai, a layin bakwai, ga abin da aka buga: 3422.

Ba 3432 ba. 3422. A ƙasa kuma an rubuta, da wannan Faransanci mai kyau, cewa kamar yadda kowa ke gani, in an cire biyu yana rabuwa da 343.

Ku ɗauko wayarku, akwai kalkuleta a ciki. 3420 a raba da 343. Ba ya rabuwa. Saura 333 yake bari, yana zaune yana kallon ku.

Wannan ba sankarar Metir ba ce. A kayensa na asali lambar daidai take. Ukun Metir tana da wata shimfiɗaɗɗiyar wutsiya, yarinya mai mugun ido ta gan ta biyu, ta rubuta biyu. Mutumin ya san malaminsa sankara ɗaya yake sawa. Ya nemo ta, ya samu, ya saki jiki. Bai san akwai wata da ba wanda ya sa da gangan ba.

Ya saci aikin Metir, ya haɗa da kuskurena.

Na kwafi shafukan, na hau jirgin ƙasa na yini guda har Parakou, ban ko biya gida ba na wuce Ladjifarani. Na same shi a gindin mangwaro yana tsince goronsa yana yayyafa wa ganyen ruwa. Na ajiye masa takardun a cinya. Na zauna ina jiran aradu.

Ya karanta fiye da awa guda. Har bik ya ciro. Can ya ɗago ya ce, "Kin ga nan? Ya canza hanyar mataki na biyu. Tasa ta fi tawa gajarta. Kai, yaron nan."

Na ce, "Metir, ɓarawo kuke yabo."

Ya ci gaba har ya kai tebur. Yatsansa ya tsaya. Ya shiga ɗaki ya fito da kwafin karbon, ya jera su. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Larai. Wannan hannun wa?"

"Nawa ne."

"An rage miki maki biyu."

Inna tana tankaɗe a ƙofar madafa, ta ce, "Kai dai Malam Allah ya shirye ka. An kwashe maka gona, kana auna kunyar da ta karkace."

Na ce zan rubuta wa jami'ar can, zan kai takardun ma'aikatar ilimi, zan yi kaza zan yi kaza. Ina da shekara ashirin da biyu, na ɗauka gaskiya tana da ofis. Ya bari na gama. Sannan ya ce mutumin yanzu yana cikin waɗanda ke zaɓen yaran da za a ba bursu, kuma tun da ya zauna a wurin, yaran arewa sun fara fita.

"In na buɗe baki, ba za a ce wane ya yi sata ba. Za a ce ɗan zango ya yi sata. Ƙofar da ya buɗe, da shi za a rufe ta, da yaran da ke bayansa. Ke ma kina cikinsu."

Na ce ban damu ba.

Ya ce, "Ni na damu. Muddin ina numfashi ba za ki faɗa wa kowa ba. Ce wallahi."

Na ce wallahi.

Ni ɗalibar lissafi ce, kuma shi ya koya mini cewa kowace magana tana da sharaɗi, a karanta shi da kyau. Muddin ina numfashi. Sharaɗin ya ƙare yau bayan sallar asuba.

Akwai wanda zai ce, ai ya wuce, me aka rasa? Bari in gaya muku abin da aka rasa. Bayan wasu shekaru an nemi malaman da za su koyar da masu shirin zama malaman lissafi. Metir ya nema. Shi ne karo ɗaya tak da na ga ya nemi wani abu don kansa, har sabuwar riga ya ɗinka. Amsa ta zo cewa ba shi da wani aikin bincike da aka taɓa bugawa. Na ga takardar da idona, da gilashin da ya saya mini. Na ga sa hannun da ke ƙasa.

Kun gane ko na wane ne.

Metir ya ci gaba da koyar da 'yan aji uku har ya yi ritaya ya dawo Djougou. Kowace Sallah Farfesa yana aiko masa da rago. Manya-manya, masu ƙaho kamar sitiyarin mota. Metir yana karɓa ya yi godiya ya raba wa maƙwabta. Inna ta ce mini yau, shekara da shekaru bai taɓa sa tsokar ragon nan a bakinsa ba. Ya yafe, amma bai ci ba.

Ni ma na sami bursun, kada wani ya riga ni faɗa. Da sa hannun mutumin na fita. Na sani. Shi ya sa na yi shiru ina gaishe shi a taro, ina ce masa ranka ya daɗe, yana ce mini ƙanwata. Mun yi shekara arba'in da ɗoriya muna wannan wasa, kuma in gaskiya za a bi, na fi shi iyawa, don ni na san akwai wasan.

Ganina na ƙarshe da Metir sati uku ke nan. Na zo masa da goro, fari, irin wanda yake so, ko da yake sai an daka masa. Idon ya tafi kusan duka. Ya gane ni da takuna. "'Yar Sarkin Fawa, har yanzu kina tafiya kamar za ki kama wani."

Muka yi hira. Ya tambaye ni jikokina, ya tambaye ni ko yaran yanzu suna iya raba lamba ba waya. Na ce ba sa iyawa. Ya ce haka aka ce da mu ma.

Da zan tafi ya sa Ramatu ta ɗauko wani gwangwanin biskit daga ƙasan akwatin nan. A ciki akwai kwafin karbon, ya yi ja amma ana karantawa, da wasiƙar Faransa, har yanzu a ninke gida huɗu.

Ya ce, "Na yafe masa tuntuni. Ki ji da kyau. Ba na bin sa komai, gobe ba zan tsaya da shi gaban Allah ba."

Na ce, "To me ya sa kuke ba ni?"

"Rubutunki ne. Ana mayar wa mai abu abinsa."

Na ɗauka ya gama. Har na sa takalmi ɗaya. Sai ya ce, "Amma Larai, lambar nan tana damuna. Tana can a laburare, yara suna karantawa. Ba na son in tafi in bar 3422 a duniya. Ki gyara kuskurenki."

Na ce, "Metir, in na gyara, sai na faɗi yadda aka yi kuskurena ya shiga littafin wani."

Ya ce, "Ni dai gyara na ce." Ya juya fuska bango. Amma na ga kumatunsa, kuma na san dariyar Metir ko ta baya ce.

An kai shi bayan azahar. Mutane sun cika unguwa har bakin titi: tsofaffin ɗalibai, 'yan goro, mahauta daga Parakou, wani likita da ya tuƙo mota tun daga kudu. Farfesa bai samu zuwa ba, yana da taro. Motarsa dai ta samu zuwa.

Bayan la'asar direban ya yi sallama. Dattijo ne mai ladabi, ba ruwansa, aike ne. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya ce Farfesa ya ce a ba shi saƙon.

Inna ta ce, "Wane saƙo, ɗan nan?"

"Akwati, Hajiya. Wai na takardu."

"Af. Ga shi can, ka ga an zauna a kai."

Ya dube ni. Na gaishe shi da kyau, na tambaye shi hanya. Ya ce, "Madam, ko za a ɗan tashi?"

Na ce, "Ƙafata ce ke ciwo."

Inna ta ce, "Ka gaya wa mai gidanka mun gode. Ka ce gara ta yi shekara arba'in tana ganin akwatin nan ba ta taɓa shi ba, don ita tana da kunya. Ramatu, zuba masa tuwo, ya sha hanya."

Ya ci tuwonsa, ya yi addu'a, ya tafi da mota ba kaya. Allah ya kai shi lafiya.

Yanzu gare ka, ranka ya daɗe, don na san kana karantawa, ko ana karanta maka.

Kada ka sake ɓata man mota. Abin da kake nema ba ya cikin akwatin. Wasiƙarka tana jakata, da sa hannunka, da tambarin gidan waya, da layin da ka ce ka gano sankara a shafi na tara na aikin da ka ce ba sabo ba ne. Abin da ke cikin akwatin kaye ne guda-guda har sama, aikin da ya ci gaba da yi bayan ka gaya masa ya daina. Ka ci na farko. Wannan ba za ka ko sansana ba. Za a buga shi da sunan mai shi, in Allah ya yarda, ko da gidana zan sayar.

Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na lissafa, don aikina ne. Ka haura dubu goma sha biyar. Ba wanda zai ce an yi maka rowa.

Ba zan kai ka kotu ba. Ba zan zage ka ba, ka ga har nan ban zage ka ba. Gyara kawai zan yi, irin wanda ake yi a kowane littafin ilimi, rabin shafi. Na riga na rubuta shi a mota. Yana cewa a tebur kaza, a layin bakwai, a karanta 3432 maimakon 3422. Kuskuren na mai kwafa ne, Larai, 'yar aji biyar a lokacin, wadda ta kwafo daga rubutun mai aikin, Bukari, malamin lise a Parakou. Hoton karbon da na wasiƙa suna biye.

Zai tafi jami'ar can da ta nan washegarin sadakar bakwai, ko ka zo ko ba ka zo ba. Alkawari na ɗauka.

Abin da ya rage maka zaɓi ɗaya ne. In ka zo ranar bakwai, ka zauna a tabarma cikin mutane, ka faɗa da bakinka, da Hausa, yadda Inna za ta ji, cewa aikin na Metir ne, to sai ka sa hannu a ƙasan gyaran tare da ni, a ce Farfesa ya gyara littafinsa. In ba ka zo ba, sunanka zai fito a sama, a wurin wanda ake magana a kansa.

Shi ya yafe maka, na shaida, kuma na isar. Nasa ke nan. Amma kuskuren nawa ne. An rage mini maki biyu a kansa, kai kuma an ba ka dokta. Na zo karɓar abina.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku cika mini ƙasan rubutun nan da "a yi haƙuri". An yi. Mai haƙurin ne muka binne ɗazu.

Abin da nake roƙo addu'a ce. Duk wanda ya taɓa karɓar kaye daga hannunsa, duk wanda ya hau bayan mobilet ɗin nan, duk wanda ya ci naman ragon da shi bai ci ba, da wanda bai san shi ba sai yau, ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu.

Allah ya jiƙan Metir Bukari. Allah ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya sa na ga ganyen mangwaro. Ya Allah, in akwai sankara a huhunsa, ka tsince ta da rahamarka, kada ka bar masa saura. Allah ya ba Inna da Ramatu da mu duka juriyar rashinsa.

Ni ma ku sa ni a ciki. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya mini yafiya, darasin nan kaɗai na faɗi.

Farfesa kuma ku roƙa masa lafiya da tsawon rai. Ina son ya kai ranar bakwai.

Amin.